Chrome ko Firefox? Amsa ga Alhaji mai turare a Jidda

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ka ce ɗanka ya karɓi wayarka ya sa maka burauzar Firefox, wato manhajar buɗe shafukan intanet, wai Chrome leƙen asiri yake yi, alhali kai da Chrome ka saba. Kana son sanin wanne ya fi, kuma ko Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, zai ci gaba da buɗewa. Ka kuma yi ƙorafin cewa tun ranar da ka duba kuɗin tikitin Jidda zuwa Kano, tallan jirgi bai daina binka ba. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka.

A fara da masu kayan. Chrome na Google ne, ya fito a 2008, kuma Google da talla yake cin abinci. Wanda sana'arsa talla ce, sanin abin da ranka ke so shi ne jarinsa. Firefox ya girme shi da shekara huɗu, yana hannun Mozilla, wadda gidauniya ce ba ta neman riba ba. Amma kada a naɗa mata rawanin da ya fi kanta: fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shigarta Google ne ke biya, don a bar injin bincikensa a gaba cikin Firefox. Tana harara mai gida, da hatsin mai gida take tuwo.

Tallan jirgin nan aikin kukis ne, wata 'yar alama da shafi ke ajiyewa a wayarka don ya gane ka in ka dawo. Wasu na da amfani, su ke sa ba ka sake rubuta kalmar sirri kullum. Masu matsalar su ne na kamfanonin talla da ke laɓe a dubban shafuka: sun gan ka a shafin tikiti da safe, sun gane ka a shafin labarai da dare. A nan Firefox ya yi wa Chrome nisa. Tun 2019 yake toshe masu bin sawun nan ba tare da ka taɓa komai ba, a 2022 kuma ya ware wa kowane shafi tulun kukis ɗinsa, na wannan ba ya leƙa na wancan. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa zai cire irin waɗannan kukis cikin shekara biyu. Aka yi ta ɗaga rana, har a 2024 ya ce ya fasa. Ana iya kashe su da hannu a saitin Chrome, amma mutum nawa cikinmu ke shiga can? Ga kuma uBlock Origin, mai share talla: Firefox na Android yana karɓarsa, Chrome na waya kuwa ba ya karɓar irin wannan ƙari ko ɗaya. Mai sayen data da guminsa zai ga bambancin a ƙarshen wata.

Chrome ma yana da inda ya yi zarra. Kusan mutum biyu cikin uku a duniya da shi suke shiga intanet, don haka masu gina shafuka a kansa suke fara gwaji, kuma ba kasafai fom ke maƙalewa a cikinsa ba. Abin da ya fi shafarmu a ƙasar nan shi ne fassara. Larabcin kasuwa da muke ciniki da shi a Balad, tsohon garin Jidda, daban, Larabcin takardar hukuma daban. Chrome zai juya maka shafin zuwa Hausa nan take, ko da Hausar na ɗingishi, kuma Firefox bai kamo ƙafarsa ba a wannan fage. Kuɗinsa shi ne rubutun sai ya je hannun Google kafin ya dawo maka.

Sauran burauzoji irin su Edge, Opera, Brave da Samsung Internet duk a kan Chromium aka gina su, tushensu ɗaya da Chrome, ko da yake Brave na toshe talla da kansa. Masu iPhone a nan kuwa, kowace burauza suka sa, injin Safari, burauzar Apple, ne a ƙarƙashi.

Batun Absher, kwantar da hankalinka. Absher, Nafath, Tawakkalna da Nusuk manhajojin hukuma ne masu zaman kansu a wayarka, babu ruwansu da burauzar da ka zaɓa.

Yanzu ga rabin da yaron bai faɗa ba. Babu burauzar da ke mai da mutum layar zana. Layinka da iƙamarka (katin izinin zama) da yatsanka aka yi masa rajista, kamfanin layi yana ganin shafukan da ka ziyarta, kuma ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007. Ko Incognito, shafin sirri na Chrome da samari ke taƙama da shi, tarihin cikin wayar kawai yake gogewa. An kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan tattara bayanan masu amfani da Incognito, a 2024 ya amince zai share biliyoyin bayanan da ya tara. Firefox dai 'yan talla yake kore maka, iyakarsa ke nan.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma ba Google ba ne, halinmu ne. Mutum zai shiga ofishin mu'amala, shagon masu cike wa mutane takardun hukuma, ya miƙa lambar iƙama da kalmar sirri, a shigar a kwamfutar shago, burauza ta tambaya ko ta adana, yaron shago ya danna e. Wani kuma a kira shi da sunan banki, ya karanto lambar da aka turo masa da bakinsa. Sannan komai mun ɗora wa layi ɗaya. Bara wayata ta faɗi a motar haya, na kwana uku ba banki, ba Absher, ko izinin shiga Rauda ban iya nema ba, don kowace ƙofa lambar da za ta turo wa layin da ya ɓace take jira. Lambar 'yata ma ban haddace ba, sai da na aiki maƙwabci.

Ni dai biyu nake riƙewa. Chrome na bar wa shafukan hukuma da fassara, binciken kaya, tikiti da karatu kuma a Firefox da uBlock Origin. Kalmomin sirri masu nauyi suna cikin wani ɗan littafi a akwati, tare da fasfo. Kada ka goge ko ɗaya tukuna, Alhaji. Ran Juma'a bayan la'asar zan biyo ta shago in saita maka, ka ce wa yaron ya tsaya ya gani.