Gilashin Ido na Magani: Ta Intanet ko a Shago?

Daga Ringim har Gaya, mutane sun sha tambayata: gilashin magani, a saya ta intanet ko a je shago?

Ta fuskar kuɗi, na intanet yakan fi araha, ga firam kala-kala. Sai dai akwai kuɗin aike, kuma mai kawo saƙo ba kasafai yake shiga ƙauye ba, sai ka bi kayanka tasha a Kano ko Dutse. Zuwa shago ma ga kuɗin mota, ga yinin da aka bar gona.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. Mai sayarwa ta waya bai ga idonka ba, lambar ƙarfin gilashin da ka tura masa ita zai bi. Ko tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonka aka kuskure, ciwon kai da jiri na iya biyo baya, mayar da kayan kuma wani aiki ne. A asibitin ido irin na ECWA ko na Makka a Kano, sai an auna ka tukuna, kuma a nan ake gano yanar ido ko hawan jinin ido, wanda ke cinye gani a hankali ba tare da zafi ba. In firam ya karkace, ka koma a gyara maka.

Matashi mai sabuwar takardar awo da ƙaramar lamba, intanet ta ishe shi. Yara kuwa, da dattawa, da masu ciwon suga, da wanda bai taɓa sa gilashi ba, don Allah su je a duba su.