Rediyo ko Eksire: Da Wanne Za a Auna Maganaɗisun Ƙananan Taurari?

Ɗalibai kan tambaya, tsakanin igiyoyin rediyo da hasken eksire (X-ray) da taurari ke fitarwa, wanne ya fi wajen nazarin ƙananan taurari masu sanyi.

Eksire yana buƙatar madubin hangen nesa a sararin samaniya, kamar Chandra, domin iskar duniya tana tare shi. Samun lokacin amfani da madubin da wuya. Kuma tauraro na ƙara sanyi, haskensa na eksire na dusashewa.

Rediyo kuwa daga ƙasa ake kamawa. A 2001 aka sanar cewa na'urar VLA ta Amurka ta kama rediyo daga wani ƙaramin tauraro mai sanyi mai suna LP 944-20, ƙarfin rediyon ya zarce hasashe nesa ba kusa ba. A taurarin da ke fitar da rediyo bugu-bugu, mitar igiyar rediyon ma tana nuna ƙarfin maganaɗisun kai tsaye. Sai dai yawancin ƙananan taurari masu sanyi shiru suke a rediyo.

Mai bin zafin kewayen tauraro, eksire ne nasa. Mai son auna maganaɗisu, kuma yana da haƙuri, ya ɗauki rediyo.