Tsinken gwajin fitsari na gida, ga masu kumburin ƙoda

Masu fama da kumburin ƙoda ko masu jinyar wani, gaskiya wannan tsinken da ake tsomawa a fitsari ya kamata a ce yana ɗakin kowa. Ƙanwata ce ke da lupus, wato cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa jikin mutum hari, likitanta ne ya ce ta riƙa amfani da shi, kuma wallahi ya rage mana zullumi sosai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne irin wannan kumburin ba wai ƙwayar cuta ce ke cin ƙodar kai tsaye ba, garkuwar jikin mutum ce da kanta. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai wajen miliyan 1, to sinadaran da jiki ke haɗawa don yaƙar cuta su ne ke zuwa su maƙale a matatan nan, wurin ya kumbura, sai furotin da jini su fara zurarewa cikin fitsari. Haka yake a lupus, haka a cutar IgA (wani sinadarin garkuwa ne mai suna IgA ke taruwa a ƙodar), har yaron da ya yi ciwon maƙogwaro na bakteriya fitsarinsa kan iya yin duhu bayan sati 1 zuwa 3. Kuma abin tsoron galibi ba ya ciwo, kafin a ga kumburin fuska da ƙafa ya riga ya yi nisa, shi kuwa tsinken tun da wuri yake nuna furotin ko jinin da ke cikin fitsarin.

Amfani da shi ba wuya, fitsarin farko na safe, ka tsoma ka cire ka jira daƙiƙa 60 ka gwada da kalolin jikin kwalbar. Rawaya na nufin bai ga furotin ba, in ya koma kore akwai furotin, kuma an rubuta matakan yawansa a jikin kwalbar, 1+, 2+, 3+. In ya nuna 3+ kwana 3 a jere kuwa ba zama, sai asibiti.

Inda yake ba ni haushi kalar 1+ da 2+ sun yi kama sosai, in babu haske mai kyau sai ku yi ta musu. Sannan in aka bar murfin a buɗe danshi ya shiga, ya lalace kenan. Shan ruwa da yawa yana ɓoye furotin ɗin, bitamin C yana ɓoye jini, lokacin al'ada kuma zai nuna jini alhali ba daga ƙoda ba ne.

Kuma don Allah kar wani ya ga rawaya ya daina shan prednisolone, maganin rage kumburin da likita ya ba shi, da kansa, tsinken ba ya faɗin me garkuwar ke yi a ciki, wannan sai gwajin jini, wani lokacin ma sai an ɗan ciro tsokar ƙodar an duba.