Inda Ya Kamata a Nemo wa Jariri Suna, da Inda Na Daina Leƙawa

Duk wadda ta taɓa ɗaukar ciki ta san daren nan da barci ke ƙin zuwa, sai ki jawo waya ki shiga neman suna. Gida ya riga ya cika da masu suna ɗaya, ke kuma kina son wanda ba a cika ji ba, mai daɗi a baki, mai ma'ana. Sau uku na yi wannan neman, sau ɗaya na yi da-na-sani. Shi ya sa nake so in jera wa iyaye rijiyoyin da ake ɗebo suna a cikinsu, in kuma nuna wadda na yarda da ruwanta.

Tun farko zan faɗa, zaɓina shi ne sunayen sahabbai maza da mata waɗanda aka bari a baya. Mutane suna zaton sunayen sahabbai ba su wuce ashirin ɗin da muke juyawa kullum ba, alhali Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya tattara tarihin mutum sama da 12,000 a littafinsa Al-Isaba. Wanda yake neman suna na daban, ga rumbu nan cike, ba a ko taɓa rabinsa ba. Abin da ya fi burge ni da irin waɗannan sunaye shi ne kowanne da mutum a bayansa. Ranar da yarinya ta tambaye ki, "Umma, me ya sa kuka sa min wannan suna?" kina da labarin da za ki zaunar da ita ki ba ta.

Ɗauki Nusaiba, 'yar Ka'ab, wadda ake wa alkunya da Ummu Umara. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ta fita ne don shayar da mayaƙa ruwa, da al'amari ya rikice ta ɗauki takobi ta tsaya tana kare Annabi (SAW) har aka ji mata raunuka, daga baya kuma ta rasa hannunta a yaƙin Yamama. Ko Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. A tantinta aka kwantar da Sa'ad bn Mu'az bayan yaƙin Khandaƙ. Tushen sunanta ma daga kalmar tallafi da agaji yake, suna ya dace da aiki. Akwai Shifa'u 'yar Abdullahi, macen da ta iya rubutu a zamanin da masu iyawa ƙalilan ne, ita ta koya wa Hafsa matar Annabi. A ɓangaren maza ga Mus'ab, saurayin da aka tura Madina ya koyar da Alƙur'ani tun kafin hijira, ga Huzaifa mai riƙe sirri, ga Miƙdad, ga Ukasha, ga Usaid, wanda ma'anarsa ɗan ƙaramin zaki. Waɗannan duk harshe ba ya sarƙewa wajen faɗarsu, kuma kaka ma za ta iya kira ba tare da ta canza su ba. Wannan ma'auni ne da nake ba muhimmanci sosai, domin sunan da tsofaffin gida ba za su iya furtawa ba, cikin wata ɗaya za su maye gurbinsa da wani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba kowane sunan sahabi ba ne ma'anar kalmarsa take da ƙamshi. Larabawa mutanen hamada ne, suna sa suna da abin da idonsu ke gani. Khadija tana nufin wadda aka haifa bakwaini. Fatima daga yaye take. Ramla yashi ne, Ja'afar ƙaramar ƙorama, Arƙam kuwa, mai gidan nan da Musulmin farko suke taruwa a ɓoye kusa da Safa, sunan maciji ne mai roɗi-roɗi. Darajar waɗannan sunaye daga masu su ta zo. Ni wannan bai dame ni ba, in dai na sani na zaɓa da idona buɗe.

Sunayenmu na Hausa ma'anarsu a fili take, ba wanda zai yaudare ki a kai, amma yawancinsu ba a zaɓarsu, yanayin haihuwa ne ke kawo su: Gambo sai wanda ya biyo tagwaye, Tanko sai namijin da ya biyo mata, Jummai sai wadda ta zo ran Juma'a. Na Farisa da Turkiyya irin su Yasmin, Shirin da Aslan ba laifi, fure ne da zaƙi da zaki, a dai daina cewa Larabci ne. Sunan da aka tsinto a fim, na tauraro ne, in tauraron ya dushe sai a bar yaro da kayan aro. Haɗa rabin sunan uwa da rabin na uba kuwa, sauti ne kawai ba suna ba. A Amurka har kalmar Aljanna ta Turanci, wato Heaven, aka karanta baibai aka samu Nevaeh, ya kuma bazu bayan shekarar 2000. Mai son irin wannan sai ya je, ni ban bi ba.

Yanzu ga wurin da nake so a saurare ni da kyau, wato jerin sunayen nan da ke yawo a intanet, a Facebook da WhatsApp, masu hoton jariri da furanni. A nan na faɗa rami. Lokacin cikin ɗana na biyu na ga Ayyan a wani jeri, an rubuta a gabansa wai kyautar Allah. Na duba wuri uku, duk abu ɗaya suka ce, ban san kwafar juna suke yi ba. Muka sa. Yaro yana da wata huɗu wani yayan maigidana da ya yi karatun Larabci ya zo, ya ɗauke shi yana masa wasa, sai ya ce, "Amarya, wa ya ba ku fassarar sunan nan?" Na nuna masa wayar. Ya yi shiru, sannan ya karanto min ayar da ake tambayar Annabi game da tashin alƙiyama, "ayyana mursaha", ya ce kalmar tambaya ce, ma'anarta yaushe. Ya ce ba zagi ba ne, amma babu kyautar Allah a cikinta ko kaɗan. Ranar ban iya cin abinci ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne na riga na gaya wa kowa wannan ma'ana, har wata ƙawata ta ce za ta sa wa nata.

Tun daga nan na fara lura da yadda masu jerin nan suke aiki. Duk sunan da ba su san ma'anarsa ba, sai su manna masa ɗaya cikin uku: kyautar Allah, furen Aljanna, ko ƙofar Aljanna. Rayyan kam gaskiya ne, ƙofar masu azumi ce, ya zo a hadisi ingantacce. Amma Rumaisa'u da suke cewa tarin furanni, a ƙamus daga kalmar kwantsar ido take. Suna ne mai daraja, na Ummu Sulaim mahaifiyar Anas bn Malik, bai buƙaci a yi masa ƙarya ba, amma sun yi. Wanda ya yi miki ƙarya a kan suna mai kyau, me zai hana shi yi a kan mummuna?

Yaudara ta biyu ita ce "yana cikin Alƙur'ani". Fir'auna ma yana ciki. Hawiya tana ciki, sunan wuta ce. Zanim yana ciki, zagi ne mai muni. Alaina tana ciki, ba ta wuce "a kanmu" ba. Daɗin sauti a bakin mai karatu ba ya mai da kalma suna.

Ta uku ta fi ɓoyuwa, domin rubutun boko yana haɗiye haruffan Larabci. Asiya matar Fir'auna, mumina, da Asiya mai nufin mai saɓo, a boko rubutunsu ɗaya, a Larabci kuwa ɗaya da alif da sin, ɗaya da ain da sad. Ta biyun ita ce Annabi ya canza wa 'yar Umar, ya mai da ita Jamila. Don haka duk jerin da bai kawo sunan da haruffan Larabci ba, ki rufe shi. In ya kawo, ki kwafe rubutun ki kai wa wanda ya karanci harshen, ba wanda ya iya karatu kawai ba, ya duba miki tushen kalmar a ƙamus irin Lisanul Arab na Ibn Manzur. Ki kuma tambaye shi wa ya taɓa amsa sunan a tarihi. In ya ce bai san kowa ba, ki dakata. Aikin minti goma ne, kuma a yi shi tun ciki yana wata bakwai, ba ranar da ake jiran ki faɗi suna ba.

Mu dai mun canza, tunda Annabi da kansa ya canza wa mutane sunaye, ya mai da Barra Zainab. Yaron ya koma Usaid. Gyara takardar haihuwa ya ɗauke mu zirga-zirgar kusan wata biyu, katin rigakafinsa har yau tsohon sunan ne a kai da biro an soke, kuma akwai goggonsa guda da har yanzu in ta kira waya da tsohon sunan take tambayarsa.