Ɗakin gwajin da ya auna min miR-122, ga yadda muka kwashe

Ni fa da na ɗauka sai na tura samfurina Legas kafin a auna min microRNA, sai wani abokin karatuna ya nuna min wani lab mai zaman kansa a nan garin, ba zan faɗi suna ba kar a ce talla nake. Aikin mastas ɗina kan kansar hanta ne, musamman masu hepatitis B, kun san mu nan ga B ɗin ga kuma aflatoxin, wato gubar da ke cikin gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna.

Ga wanda bai sani ba, microRNA wasu 'yan guntayen RNA ne, wato ɗan uwan DNA, masu harafi wajen 22, ba a ƙera furotin da su, aikinsu kawai su toshe bakin wasu ƙwayoyin gado, su ne ma suka jawo wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024. A hanta miR-122 ne sarki, shi ya fi kowanne yawa, in kansa ta kama sai ya ragu a cikin ƙarin, shi kuma miR-21 ya hau ya danne ƙwayar gadon PTEN wadda ita ce birkin hanyar PI3K/AKT mai sa ƙwayoyin jiki girma, to birki ya tsinke ai sai ƙwayoyin kansar su yi ta hayayyafa ba tsayawa.

Abin da ya burge ni, firizarsu mai sanyin digiri -80 na kan sola da janareta, ko NEPA ta ɗauke ba ruwanta, kuma RNA abu ne mai saurin lalacewa. Matar da ke kan injin qPCR ɗin, wato injin da ke auna yawan RNA, ta san aikinta, tana canza safar hannu kamar me. Da na ga miR-122 ya hau a jinin marasa lafiyar hankalina ya tashi na ce an yi kuskure, ta yi dariya ta ce "Malam ai jini ka kawo, ba tsokar hanta ba, hantar da ta ji rauni ce ke zubo shi cikin jini." Kunya ta kama ni wallahi.

Inda suka ɓata min rai, sati biyu suka ce sai da na yi wata guda da kwana tara wai kayan aiki ba su iso ba, kuɗin ma suka ƙara wai dala ta tashi, sannan sakamakon hoto suka turo ta WhatsApp, sai da na yi ta sintiri kafin suka ba ni ainihin lambobin Ct, wato alƙaluman da injin ya fitar, a Excel. Zan koma, amma wannan karon sai an rubuta farashi da rana a takarda kafin in ajiye musu kular samfurina.