Katin Maki ko Gyaran Hajiya: Wanne Ya Fi wa Mai Cefane a Kumasi?

A manyan kantuna irin na Kumasi City Mall, wanda aka buɗe a Asokwa a 2017, farashi a rubuce yake, babu tayi. Abin da wasunsu suke riƙe mai saye da shi shi ne katin maki. Za ka ba da suna da lambar waya, duk sayayyar da ka yi a tara maka maki, in sun taru a rage maka kuɗi. Sai dai katin yana rubuta me ka saya da yaushe, da wannan ne ake turo maka tallan abin da ba ka yi niyya ba. Dokar kare bayanai ta Gana, ta 2012, ta ba ka ikon tambayar abin da suka ajiye a kanka.

Hajiya mai shinkafa a kasuwar Asawase ba ta da kati. Ta san ka, ta san yawan bakin da kake ciyarwa. Ta cika olonka, wato gwangwanin awo, ta yi tozo, ta ƙara maka gyara nan take, ba sai wata uku ba. Ranar da aljihu ya bushe kuwa, "Ɗana, ɗauka, ka turo ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ranar Juma'a." Babu kantin da zai yi maka haka.

Inda kanti ya fi ta shi ne rasit, da ranar lalacewa a jikin kaya, da firji. Don haka madarar yara da kayan gwangwani a can nake saye. Hatsi, manja da kayan miya kuwa, na Hajiya ne.