Gidajen abincin ƙaramin gari: wanda waya ta nuna min da wanda mutanen gari suka nuna min

Jama'a duk wanda aiki ko tafiya ke yawan kai shi ƙananan garuruwa ya san wannan matsalar, ka sauka yunwa na cin ka, ka zaro waya ka buɗe taswira ka nemi gidan abinci, sai ta jero maka wurare biyar ko shida kowanne da taurarinsa, wannan 4.8 wancan 5 cif, ka rasa ina za ka dosa. To ni aiki ne ya zaunar da ni na ɗan lokaci a wani ƙaramin gari, irin wanda titi ɗaya ya ratsa tsakiyarsa kuma kafin sati ya zagayo kowa ya san kai baƙo ne, na ɗan zazzaga wuraren cin abincinsu da na shan kofi, shi ne na ce bari in rubuta abin da na gani. Ba zan kama sunan garin ko na wuraren ba don akwai waɗanda zan ɗan taɓa, kuma ba na so a ce na zo na kashe wa wani kasuwa, ballantana ma abin da zan faɗa kusan haka yake a kowane ƙaramin gari ko a wace ƙasa ne.

Bari in fara da wanda ya fi kowa taurari, wato babban nan na bakin titi. Gaskiya wurin ya tsaru, ga filin ajiye mota, ga ƙaton allo mai fitilu, kujeru masu taushi, banɗaki tsaf, ma'aikatan ma ba laifi suna da fara'a. Amma da aka miƙo min takardar jerin abinci sai gabana ya ɗan faɗi, shafi bayan shafi, abincin wannan ƙasa da na waccan, na teku da na tudu, wai duk a kicin ɗaya suke fitowa a garin da idan ka ƙirga masu cin abinci a waje a rana ba su taka kara sun karya ba. Ai lissafin a fili yake, in dai kana da kala hamsin kuma kwastomominka kaɗan ne to dole yawancin kayan su kwana su wuni a firiza suna jiran wanda tsautsayi zai sa ya yi odarsu. Haka kuwa aka yi. Naman da aka kawo min gefensa na tururi har yana ƙona baki, da na sa wuƙa na raba shi sai tsakiyar da sanyinta, miyar da aka zuba a kai ta yi 'yar fata-fata a sama alamar an ɗumama ta fiye da sau ɗaya. Na kira yaron da ya kawo na nuna masa, ya ba da haƙuri sosai ya mayar, aka sake ɗumamowa aka dawo min da shi ya yi tauri.

Kuma wannan ba maganar daɗin baki ba ce kawai fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata cewa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin salshiyas nan ne ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa a abinci, shi ya sa take cewa a dafa ko a ɗumama abu har ya kai digiri 70 ciki da waje, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. A rahoton da ta fitar a 2015 ta ƙiyasta mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki su mutu. Ni dai alhamdulillahi ban ji komai ba, cikina lafiya lau, amma nama mai sanyin tsakiya ba abin wasa ba ne.

To ta yaya wuri irin wannan ya tara taurari haka? Da na zauna na karanta sharhin da aka rubuta a kansa sai na lura kusan duk matafiya ne, mutum ya tuƙo mota awa da awanni ya gaji ya ga wuri mai sanyi da banɗaki mai tsafta, ya ci ya ƙoshi ya danna biyar ya wuce, ba zai sake dawowa ba har abada. Mutanen gari kuwa waɗanda su ne suka san inda ake girkin kirki ba sa rubuta komai, wa zai zauna yana ba maƙwabciyarsa taurari a intanet? Sannan ga ƙarancin adadi. Wurin da mutum huɗu suka ba shi biyar-biyar makinsa 5 ne, mutum ɗaya ya zo ransa a ɓace ya ba shi ɗaya sai ya faɗo 4.2, alhali a babban birni inda wuri ke da sharhi dubu mutum ɗaya ba ya ko motsa shi. Wato a ƙaramin gari ƙannen mai wuri su uku sun isa su kai shi sama, abokin gaba ɗaya ya isa ya jawo shi ƙasa.

Ko a manyan biranen ma ai an sha yi. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya ƙirƙiri gidan abincin ƙarya ya sa masa suna The Shed at Dulwich, ba komai ba ne illa ɗan ɗakin katakon da yake zaune a ciki a bayan wani gida, ya sa abokansa suka yi ta zuba sharhin yabo a Tripadvisor, shafin intanet da matafiya ke ba gidajen abinci da otal taurari, hotunan abincin ma da kumfar aski ya haɗa wasu, duk wanda ya bugo waya neman tebur a ce masa an cika. Cikin 'yan watanni wurin da bai taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba ya zama na ɗaya a cikin gidajen abinci sama da 18,000 na birnin. Kuma ba a banza masu wurare ke rububin taurarin nan ba, binciken da Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya fitar a 2011 kan gidajen abincin birnin Seattle ya nuna ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, wani shafin ba da taurari irin wannan, na ƙara wa wuri ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, musamman wuraren da ba rassan manyan kamfanoni ba. Abin ya kai a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Ban ce na bakin titin nan ya sayi nasa ba, a'a, ina ganin gajiyar matafiya ce kawai ta taimake shi.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun. Wani direba da mai gadin masaukina na tambaya daban-daban, kuma ban ce musu ina ne ya fi kyau ba don in ka tambaya haka wurin manya za su tura ka, cewa na yi ku ina kuke cin na rana? Su biyun wuri ɗaya suka kwatanta min, a wani lungu bayan kasuwa, ba allo ba komai, a taswira ma sai ka zuƙo sosai kake ganin ɗan ɗigonsa da sharhi guda biyu. Wata dattijuwa ce da 'yarta da yaro ɗaya mai wanke-wanke. Tebur shida ne, abincin ranar an rubuta shi da alli a jikin ɗan allo kusa da ƙofa, kala uku wani lokaci huɗu, in ɗaya ya ƙare sai 'yar ta zo ta goge shi da gefen hannu shikenan.

Abin da ya fara burge ni kicin ɗin a buɗe yake, daga inda kake zaune kana hango tukwane a kan wuta, kana ganin katakon yankan nama daban na ganye daban, kuma na lura wadda ke karɓar kuɗi ba ita ke zuba abinci ba, in kuwa ya kama dole ta zuba sai ta je ta wanke hannu da sabulu tukuna, ba don wani na kallo ba, abin ya riga ya zame mata jiki. Abincin yana zuwa da zafinsa tun daga sama har ƙasan faranti, gishiri daidai, mai bai yi iyo a kai ba, ganyen da ɗan ƙarfinsa bai narke ya zama wani abu daban ba. Ba wani abin mamaki aka saka ba wallahi, girki ne na wadda ta yi shekaru tana yin abu ɗaya har hannunta ya san awo ba sai ta auna ba.

Wata rana na ga an rubuta kifi a allon na ce shi nake so, sai dattijuwar ta leƙo daga kicin ta ce "ɗana bar kifin nan, guntun da ya rage ba zai yi maka daɗi ba, gobe da safe ake kawo sabo." Na ce "to Mama duk abin da kika zaɓa min." Ta zubo min wani abin daban kuma mai rahusa a kan wanda na nema. Ku duba fa, ta rage wa kanta ciniki da bakinta. Daga baya na gane ba wai kirki ne kawai ba, ko da yake tana da shi, tsarin kasuwarta ne ya sa haka, ita mutanen da ke ci a wurinta yau su ne za su dawo gobe da jibi, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da direbobi, in ta ba mutum ɗaya abin da ya ɓata masa ciki kafin yamma rabin gari ya ji. Na bakin titi kuwa kullum sabbin fuskoki yake gani, wanda ya ji ba daɗi ya riga ya yi nisan kilomita ɗari.

Abin dariyar ma shi ne su kansu taurarin nan asalinsu don matafiya aka yi su. Kamfanin tayar mota na Michelin a Faransa ne ya fara buga ɗan littafin jagora a 1900 yana raba wa direbobi kyauta don su yi ta yawo taya ta cinye su sayi wata, a 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka kai su uku, biyu na nufin wurin ya isa ka ratse daga hanya dominsa, uku kuma ya isa ka yi tafiya takanas. Amma su masu duba musu a ɓoye suke zuwa, su biya kuɗin abincinsu, kuma cikin abubuwan da suke aunawa har da ko girkin yana nan yadda yake duk lokacin da aka dawo. To a wannan ma'aunin na ƙarshe Mama ta ci, don duk zuwan da na yi ban taɓa samun ranar da hannunta ya sauya ba.

Kada dai in cika yabo, wurin na da nasa. Matsatsi ne, da tsakar rana sai ka tsaya a ƙofa kana jiran wani ya tashi, kuma za a haɗa ka tebur da wanda ba ka sani ba ko kana so ko ba ka so. Akwai zafi saboda kicin na kusa, kayanka za su kwashi ƙamshin girki su bi ka har ofis. Ba wurin da za ka kai baƙon kunya ba ne ko ka zauna tattauna wata magana mai muhimmanci, ci ka tashi ne. Kuma da tukunya ta ƙare an rufe, ba ruwansu da agogo.

Wuraren shan kofi guda biyu ne a garin. Na farko an kashe masa kuɗi, fitilu masu rataye, shuke-shuke, bango na musamman don ɗaukar hoto, injin kofi sai sheƙi yake, amma kofin ɗaci zalla. Na tsaya na kalli yadda ake haɗawa, garin kofin an niƙa shi tun da safe yana zaune a buɗe ya sha iska, ga shi ya yi laushi da yawa ruwan na ɗiga da ƙyar ya kusa minti guda, alhali espresso na kirki, wato ɗan kofi mai kauri da injin ke matsowa, daƙiƙa 25 zuwa 30 ne ya sauka, madarar kuma an bar ta ta tafasa har tana ƙauri maimakon a tsaya wajen digiri 60 zuwa 65 inda zaƙinta ke fitowa. Sai dai in kana neman inda za ka buɗe kwamfuta ka yi aiki to nan ne, intanet ɗinsu na gudu, soket a kowane tebur, ba mai ɗaga maka gira ko ka wuni. Ka sha shayi kawai ka bar musu kofin.

Na biyun gidan burodi ne da suka ajiye ƙananan tebura uku a gefe. Injinsu tsoho ne amma sai ka yi oda ake niƙa 'ya'yan kofin a gabanka, kuma in ka je da sassafe burodin bai huce ba. Ba intanet, kujerun katako ne masu gajiyar da baya, nan nake zuwa.

Abu ɗaya da duk garin ya gaza a kai shi ne abincin dare. Mama ta rufe tun la'asar, gidan burodi ma haka, lokutan buɗewa da rufewa da ke rubuce a waya kuma kada ka dogara da su don akwai wurin da aka rubuta yana buɗe har goma na dare na je na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wanda ke kaiwa dare na bakin titin nan ne kaɗai, in ya zama dole ka je can to ka duba abin da teburan kusa da kai suka fi ci ka yi odar irinsa, shi ne mai fita da sauri bai daɗe a firiza ba, ko kuma tun da rana ka ce Mama ta ƙulla maka na tafiya da shi in masaukinka na da firij da abin ɗumamawa.